Littafi na Uku

A aljihun teburin shagona na Kantin Kwari akwai littattafai biyu da ba sa rabuwa da ni, na ciniki da na bashi. Shekara goma sha tara ina rubutu a irinsu: dila nawa ta shigo, turmi nawa ya fita, wa ya biya, wa ya ce sai bayan sallah. A watan Satumban 2022 uwargidana ta sayo na uku, mai baƙin bango da jan gefe, ta zauna a bakin gadona na asibiti ta jajja layuka da rula. Kwanan wata a farko, sai nauyina, sai PCV, ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai fararen ƙwayoyin jini, sai wani gwajin jinin da ake kira LDH. A ƙarshe ta bar fili mai faɗi ta rubuta a samansa "yadda jiki yake". Labarin wannan littafin nake so in ba ku, domin na san yanzu haka akwai wanda yake riƙe da takardar gwajin jini, hannunsa na rawa, bai san abin da lambar take gaya masa ba. Na riƙe irinta, na kuma san yadda dare yake tsawo a kanta.

Ciwon ya faro ne a ƙarshen daminar 2021. Da na ci abinci sai cikina ya murɗa daga cibiya zuwa ƙasa ta gefen dama, ya yi ta ƙugi har wanda ke kusa da ni ya ji. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce. Na sha maganin olsa wata biyu. Daga nan sai gwajin taifot, aka ce akwai, na sha magani, na koma aka ce har yanzu akwai, na sake sha. Sau uku ana yi mini haka. Babbar riga tana rufa asiri, shi ya sa mutanen kasuwa ba su lura da wuri ba, amma ni da nake ɗaure tazuge kullum na san abin da ke faruwa. Daga kilo 74 na gangaro 58. Abin da ya fi ba uwargida tsoro shi ne gumin dare. Cikin sanyin Disamba, ana lulluɓe da bargo, ni sai in farka matashina ya jiƙe sharkaf, sai ta canja zanin gado.

Azumin 2022 ya zo mini da wata yaudara. Da rana, tunda ba abin da ke shiga cikin, sai in ji dama dama, har in ce sauƙi ya samu. Da an sha ruwa na kurɓi kunu sai ciwon ya taso, in durƙusa a kan darduma ba don sujada ba. A lokacin ne maganganu suka fara yawo. Wani ya ce jifa ce, kasuwa ba ta da amana. Hajiyarmu ta aiko da rubutu da ruwan zamzam, na sha da bismillah, kuma har gobe ba na raina addu'ar uwa. Wani likita da na gani bayan ƙaramar sallah ya yi zargin tibi na ciki, ya rubuta mini hoto. Na ajiye takardar a aljihu na ce sai kasuwar babbar sallah ta wuce. Wannan jinkirin nawa ne, ba na kowa ba.

Kwana biyu da babbar sallah, bayan na ci nama, cikina ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Ba bayan gida, ba tusa, sai amai kore. Yayana ya sa ni a mota cikin dare. Kafin asuba an shiga da ni tiyata. Likitan da ya yi aikin ya gaya mini daga baya cewa sun tarar da wani ƙullutu ya toshe ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babban. Sun yanke wajen santimita 60, wanda a ma'aunin mai sayar da yadi ya haura rabin yadi, suka haɗe bakin biyu. Naman da suka cire aka tura ɗakin gwaji. Muka jira sati uku, sannan aka ce sai an ƙara wani gwajin na rini don a gane irin ƙwayoyin, muka ƙara kwana goma.

Wadda ta faɗa mana likitar jini ce, mace mai magana a hankali. Ta ce, "Alhaji, kansa ce, amma ba kansar hanji irin wadda aka fi sani ba. Sunanta limfoma."

Na ce, "Likita, ai a hanji aka ciro ta."

Ta ɗauki biro ta zana hanji a bayan wata takarda. Ta ce kun san kaluluwa, wadda take fitowa a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke taruwa a wurin. Irin waɗannan ƙwayoyin suna nan jingim a bangon hanji, kuma inda suka fi yawa shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, wurin da aka yanke mini. Nan ne ma taifot take kai hari idan ta yi tsanani har ta huda hanji, shi ya sa ciwukan biyu suke rikita mutane. Nawa nau'in mai saurin girma ne, na manyan ƙwayoyin da ake kira B, kuma gwajin rinin ya nuna suna ɗauke da alamar CD20. Ta ce saurin girman nasa abin tsoro ne, amma kuma shi ne ya sa yake jin magani, ana warkewa daga gare shi da yardar Allah. Hoton CT ya nuna akwai sauran kaluluwa da suka kumbura a cikin cikin, don haka tiyata kaɗai ba ta isa ba.

A ranar aka cika kwalabe shida da jinina. Ban taɓa sanin jini yana da baki haka ba. An duba ƙoda da hanta, an duba HIV, an duba ciwon hanta nau'in B. Wannan na ƙarshen ya zo da labari: na taɓa kamuwa da shi ban sani ba, jiki ya danne shi. Likita ta ce ɗaya daga magungunan da za a ba ni yana iya tayar da shi daga barci ya lalata hanta, don haka aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum, na sha ta duk tsawon kemo, wato maganin kansar, da fiye da shekara bayansa. An kuma yi mini hoton zuciya, saboda wani maganin yana taɓa ta. Sai LDH. Iyakar lafiya a takardar ɗakin gwajin asibitin 250 ce. Nawa ya nuna 612.

Uwargida malamar firamare ce, ba ta barin abu ya wuce ba ta gane shi ba. Ta ce, "Likita, mene ne shi wannan ɗin?"

Bayanin da aka yi mata shi ne na riƙe har yau. LDH wani sinadari ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, a tsoka, a hanta, a zuciya, a jajayen ƙwayoyin jini. Yana zaune a ciki yana aikinsa. Idan ƙwayar ta fashe sai ya zubo cikin jini. Ƙwayoyin limfoma suna hayayyafa da gaggawa suna mutuwa da gaggawa, don haka idan suna da yawa sai lambar ta hau. Likita ta ce kamar hayaƙi ne da ka hango daga nesa. Ya nuna akwai wuta, amma bai gaya maka ko gobara ce ko girki ake yi ba. Ta ce kuma akwai wutar da take ci ba hayaƙi. Na ji wannan maganar da kunne, amma zuciyata lamba kawai ta kama. Ni ɗan kasuwa ne, na saba idan lissafi ya fito to magana ta ƙare.

Maganin da aka tsara mini ana kiransa R-CHOP, zagaye shida, kowane bayan kwana 21. Guda huɗu ta jijiya, sai ƙwayar firednisolon ta kwana biyar. Mai tsadar cikinsu rituksimab ne, wanda yake bin alamar CD20 ɗin nan. Saboda shi na sayar da filina na bayan gari. Ba ya son zafi kuma ba a so ya daskare, don haka Yaya ne yake karɓo shi a cikin kula, an naɗe kwalaben da tawul an jera ƙanƙara a gefe, ya rungume ta a adaidaita sahu kamar jariri. Ranar farko sa'a shida ana ɗiga mini shi. Cikin sa'a ta biyu sanyi ya kama ni, haƙorana suna haɗuwa, nas ta tsayar ta yi mini allura, aka jira, aka ci gaba a hankali. Sai jan maganin, doksorubisin, wanda launinsa kamar zoɓo, kuma fitsarin ranar ma haka yake fita. An riga an gargaɗe ni, amma duk da haka sai da gabana ya faɗi. Kafin a fara ma an ba ni alofurinol an ce in yi ta shan ruwa, domin idan ƙwayoyin kansa suka mutu da yawa lokaci guda dattinsu yana iya toshe ƙoda.

Kwana ɗaya kafin kowane zagaye nake zuwa a ɗebi jini. Da yamma uwargida ta zauna da takardar ta kwafe a littafi. LDH ya sauko 388 bayan zagaye na farko, 271 bayan na biyu, 219 bayan na uku. Ranar da ya faɗo ƙasa da 250 na yi sujada a kan tabarmar tsakar gida, kaina ba gashi ko ɗaya, yara suna kallona. Amma layin da likita ta fi zuba wa ido a wancan lokacin ba shi ba ne. Fararen ƙwayoyin jini take dubawa, musamman nau'in da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Kemo yana taka ɓargo, kuma tsakanin kwana na 7 da na 14 ne garkuwa take kai ƙasa. An ba mu ma'aunin zafi aka ce idan ya kai 38 a taho asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, kada a sha farasitamol a kwanta. Kafin zagaye na huɗu ƙwayoyin suka yi ƙasa sosai, 0.7, aka ɗaga maganin da sati guda aka yi mini allurar da ke zaburar da ɓargo. Na yi fushi ranar. Gani nake an ba ciwon sati guda kyauta. Likita ta ce, "Alhaji, idan na ba ka yau, ba kansar ce za ta kwantar da kai ba."

Zagaye na ƙarshe ya faɗo a Janairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani. Kuɗi na banki, na'urar biya ba ta tafiya, Yaya ya yini yana zagaye kafin a sallami maganin. A watan Maris aka sake hoton CT. Kaluluwar duk sun koma. LDH 188, PCV 35, nauyi 63. Likita ta ce ciwon ya kwanta, ba ta ce ya tafi ba, kuma shekara biyun farko su ne na sa ido, domin a cikinsu ya fi yawan dawowa. Duk wata uku zan zo, a taɓa ciki, a laluba wuya da hammata, a ɗebi jini. Azumin shekarar ban yi ba, ta hana, sai daga baya na rama.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne cewa bayan an gama kemo ne tsoro yake samun wurin zama. Lokacin magani kana da abin yi. Bayansa sai jira. Sati guda kafin kowane gwaji ba na cin abincin kirki, ciniki ma sai yaron shago ya maimaita mini magana sau biyu. Na zama bawan layi ɗaya a littafin nan. Idan ya nuna 195 bayan 188, sai in kwana ina lissafin bakwai ɗin.

A watan Agustan 2023 maleriya ta kama ni. Na sha magani na warware, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, zazzaɓin ya tuna mini da baya. Ban gaya wa kowa ba na shiga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa kusa da gida na ce a yi mini LDH. Yaron da ya ɗebi jinin ya sha wahalar samun jijiya, kemo ya ƙona su, ya daɗe da ɗaure mini hannu yana zuƙa da ƙarfi. Washegari na karɓi takarda: 431.

Ban koma shago ba. Na zauna a masallacin unguwa daga azahar har la'asar, ina tunanin wanda zan bar wa amanar yara, ina lissafin abin da ya rage da za a iya sayarwa. Da dare na miƙa wa uwargida takardar ban ce komai ba. Ta kai ta kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Baban yara, ka duba ƙananan lambobin da ke gefe kuwa?"

Ban duba ba. A gefen 431 an rubuta iyakar lafiya ta wannan ɗakin gwajin: 230 zuwa 460. Hanyar awonsu daban ce da ta asibiti, ma'auninsu daban. Mudun wata kasuwa na ɗauka na auna da tiyar wata. Da muka je wurin likita ta ƙara mana da cewa ko da ma'aunin ɗaya ne, maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini ta tayar da LDH, haka ma jinin da aka zuƙa da ƙarfi ko aka bari ya daɗe kafin a auna. Ta ce in jira sati biyu in sake a inda na saba. Ya fito 204. Uwargida ta rubuta 431 ɗin a littafi duk da haka, da fensir, ta sa masa alama a gefe: wani wuri, bayan zazzaɓi.

A ɗakin kemo na yi aboki, wani dattijo daga Maraɗi, mai sayar da hatsi. Ciwonmu iri ɗaya, ya riga ni farawa da wata biyu. Shi ya koya mini tsotsar busasshiyar citta idan tashin zuciya ya taso. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗan Kano. Ya gama maganinsa lafiya ya koma gida, muna gaisawa ta waya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Najeriya da Nijar, zuwa Kano ya zama aiki. A wajen Oktoba ya kira ni ya ce cikin yana ɗan murɗa masa, kuma gumin dare ya dawo, amma ya yi gwajin jini a can, LDH ɗinsa lafiya lau, don haka zai jira hanya ta daidaita. Ni kuma, da nake ɗauke da sabon darasin cewa lamba tana tsorata mutum a banza, na ce masa, "Alhamdulillahi Baba, tunda jini ya yi kyau." Wannan kalmar tana nan a wuyana. Sai a Janairu 'ya'yansa suka samu suka kawo shi ta ɓarauniyar hanya. Ciwon ya riga ya cika ciki. Ya rasu kafin azumi. Allah Ya jiƙansa Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Da na ba likita labarin ta yi shiru, sannan ta ce mafi yawan waɗanda ciwon yake dawo wa, jikinsu ne yake fara faɗa, ba takarda ba. Ciwon ciki da ya ƙi tafiya, gumin dare, rama, zazzaɓi ba dalili, ƙullutu a wuya ko hammata, baƙin bayan gida. Ƙaramin ƙullutu a bangon hanji yana iya girma LDH bai motsa ba. Ta jawo littafin ta ɗora yatsa a kan fili na ƙarshe, mai faɗin nan, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Ta ce wannan ne take fara karantawa duk zuwanmu. A ciki uwargida take rubuta abubuwa irin su "ya cinye tuwonsa", "ya tashi sau ɗaya da dare, ba gumi", "ya je Juma'a da ƙafa".

Jarrabawa mafi girma ta zo a ƙarshen 2024, ina dab da cika shekara biyu. A watan Agusta LDH ya nuna 290, a ɗakin gwajin da muka saba, ba maleriya. Likita ta ce a sake bayan wata guda. Ya koma 410. A Nuwamba 760, ya wuce inda yake ranar da aka gano ciwon. PCV da ya kai 40 ya gangaro 33, sannan 28. Ina hawa matattakalar shago sai in tsaya ina haki. Harshena ya yi ja ya yi sulɓi, yaji ba ya taɓuwa. Tafin ƙafata yana yi mini kamar ina taka ƙaya, na ɗauka ragowar aikin binkiristin ne, ɗaya daga magungunan nan huɗu na jijiya, wanda dama ya taɓa kashe mini yatsu lokacin kemo. Wannan karon ban ɓoye ba, ban kuma je wani wuri ba. Amma a raina na gama yanke hukunci. Har na kira Yaya na nuna masa littafin bashi, wanda ake bina da wanda nake bi.

Ranar da muka je, likita ta rubuta hoton CT na gaggawa, sannan ta ce a ba ta littafin. Ta karanta fili na ƙarshe tun daga watan Mayu. Nauyi 70, 70, 71, 70. Ba gumi. Ba zazzaɓi. Ciki lafiya. Ta ce, "Hajiya, ainihin takardun suna nan?" Suna nan, uwargida tana tara su a ambulan a bayan littafin, a jere bisa kwanan wata. Likita ta baje su a tebur ta bi wani layi da mu ba mu taɓa kwafa ba, MCV, wanda yake nuna girman jajayen ƙwayoyin jini. Shekarar baya 90. Sai 97. Sai 104. Na ƙarshe 113. Ƙwayoyin suna raguwa amma suna ƙara girma.

Ta ɗago ta ce, "Alhaji, tun bayan tiyata an taɓa yi maka allurar bitamin B12?"

Ba a taɓa ba. Ta ce wannan bitamin ɗin a wuri ɗaya jiki yake tsotse shi, ƙarshen ƙaramin hanji, wurin da aka yanke mini. Hanta tana da ajiyarsa ta shekaru, shi ya sa ba a ga komai da wuri ba. Yanzu rumbun ya ƙare. Idan babu shi, ɓargo yana ƙera jajayen ƙwayoyi manya marasa ƙwari, yawancinsu su fashe tun kafin su fito, kuma duk wadda ta fashe sai ta zubar da LDH ɗinta. Harshen, ƙafar, hakin, duk suna iya zama daga nan. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce zato ne mai ƙarfi, amma sai hoto da gwajin bitamin ɗin sun fito, domin wanda ya taɓa yin limfoma ba a sallamarsa da zato.

Kwana biyar muka jira. Hoton ya fito ba komai. B12 ya fito ƙasa ƙwarai. Aka fara yi mini allura a tsoka, ja ce ita ma, ƙaramar kwalba da kuɗinta bai kai na yadi ɗaya na shadda ba. Da farko a jere kusa da kusa, daga baya aka tsara mini ita lokaci lokaci har iyakar rayuwa. Cikin sati na farko na ji kamar an ɗauke mini dila daga ka. Bayan sati biyu LDH ya sauko 330, bayan wata guda 201. PCV ya ɗauki wata biyu kafin ya koma 39. Ƙafar ce ta fi daɗewa, har yanzu babban yatsan hagu bai gama dawowa ba, kuma likita ta ce da an ƙara jinkiri da jijiyoyin sun lalace fiye da haka. Na yi kuka a ranar da sakamakon hoton ya fito, a gaban Yaya, a cikin mota. Na tuna Baba na Maraɗi, wanda takardarsa ta yi kyau alhali jikinsa yana kira, ni kuma tawa ta yi muni alhali cikina lafiya.

Tun daga nan, duk wanda aka turo mini a kasuwa, kuma ana turowa, domin labari ya bazu cewa akwai wani a layinmu da ya yi kansa ya tashi, abin da nake fara tambaya shi ne ko an ɗebi naman an gwada. Jini ba ya gano limfomar hanji, sai an ga naman a ƙarƙashin madubi. Na biyu in ce su sayi littafi, su tsaya a ɗakin gwaji ɗaya, kada su yar da takarda ko ɗaya. Wata mata da mijinta yake kan zagaye na biyu ta zo har gida, uwargida ta zauna da ita a tsakar gida ta ja mata layukan da rularta, ta ƙara mata na MCV da na albumin, furotin ɗin da ke cikin jini, domin mai ciwon hanji yana zubar da furotin ba a sani ba, sai a ga ƙafa ta kumbura. Ta bar mata fili na ƙarshe ya fi namu faɗi.

A zuwanmu na baya likita ta mayar da ni duk wata shida. LDH 193, PCV 41, MCV 89, nauyi 72. Ta laluba cikina ta bi tabon tiyatar da yatsa, ta tambaye ni barci da cin abinci, ta tambayi uwargida ko gaskiya na faɗa. Har yanzu daren da ya rage gobe a ɗebi jini ba na barci sosai, nakan tashi in yi nafila in zauna har kiran assalatu. Littafin saura shafi huɗu ya cika. Jiya da na taso daga kasuwa na tsaya wurin masu takardu na sayo wani, mai baƙin bango da jan gefe, na miƙa mata. Ta ɗauko rula ta fara jan layi.